Kaska, ɓera da masassarar da ba ta sauro ba: me binciken masana yake nufi ga Damagaram?

Da damina ta kankama, layi ba ya yankewa a ƙofar likita, daga Birni har Sabon Gari. Uwa ta kwance goyo, jikin yaro kamar garwashi, a soki ɗan yatsansa, a ɗiga jini a kan ƴar farar robar gwaji, a ce ta jira minti 15. In zane biyu ya fito, magana ta ƙare: masassarar cizon sauro ce, ga magani. In zane ɗaya ne, nan ake fara kallon-kallo. Yaro na kyarma, gwaji ya ce babu, likita kuma ya ƙi ba da maganin da aka saba. Yana bisa ƙa'ida. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina ba da maganin masassarar sauro sai gwaji ya tabbatar, Nijar kuma ta bi wannan tsari. Sai dai ƙa'idar ta bar wa mutane tambaya a baki: in ba sauro ba ne, mene ne?

Amsoshin suna da yawa, daga ciwon huhu zuwa taifot da sanƙarau. Ɗaya daga cikinsu, wadda ba a cika kawo ta a rai ba, ita ce kaska. A ƴan shekarun nan masu waya suna cin karo da hotunan Turawa da jan zobe a fatar hannu ko ta cinya, ana cewa cutar Lyme ce, cizon kaska ke kawo ta. Wasu sai suka shiga jingina mata duk masassarar da gwaji bai kama ba. Wasu kuma suka ce kaska ai ta shanu ce, ina ruwanta da ɗan Adam. Warware wannan yana bukatar a bi sawun mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu a kan wannan ƴar halitta, domin babban abin da aikinsu ya nuna shi ne cutar kaska tana da garinta: tana zaune ne inda irin kaskarta da irin dabbarta suke tare.

Ƙwaya, dillali da rumbu

Bahaushe ya yi wa kaska kirari da "raɓi mai jini", kuma ya gama bayanin rayuwarta. Jini kaɗai take ci. Danginta su ne gizo-gizo da kunama, shi ya sa babbarta take da ƙafa 8, ƙaramar da ta fito daga ƙwai kuma 6. Masana sun ƙirga nau'inta wajen 900, sun raba su manyan gidaje biyu. Akwai mai garkuwa a gadon baya, wadda makiyayi ya sani: ta kafa baki a hantsar saniya ko ƙarƙashin wutsiya, ta yi kwanaki tana sha har ta kumbura kamar ƙwallon wake da aka jiƙa, sannan ta faɗi. Akwai kuma marar garkuwa, mai taushin jiki, wadda ba ta zama a jikin dabba. Tana ɓoye a ramin ɓera, a tsagar bango ko cikin akurkin kaji, ta fito da dare, ta sha jini cikin minti 10 zuwa 30, ta koma. Cizonta sau da yawa ba ya tada mai barci, kuma tana iya shekaru ba ta ci komai ba.

Kalmar "ƙwayar cuta" ita ma tana rufe abubuwa mabambanta. Abin da ke kawo masassarar sauro wata halitta ce daban, da maganinta daban. Bairos wani gida ne. Bakteriya kuma, wadda a kanta wannan sharhi ya tsaya, ita ce ake kashewa da magungunan da likitoci ke kira antibiyotik. Maganin masassarar sauro da ake rabawa a likita ba a yi shi don bakteriya ba, saboda haka wanda bakteriyar kaska ta kama yana iya shanye katinsa kaf, jiki bai yi sanyi ba.

A cikin wannan sha'ani kaska dillaliya ce: ta ɗauko haja daga jini ta kai wani jini. Dabbar da ƙwayar ke zaune a jikinta, sau da yawa ba tare da ta kwantar da ita ba, ita ce rumbu. Akwai kuma mai masauki, dabbar da ke ciyar da kaska ta yi ƙwai ko da ba ta ajiye ƙwayar cutar ba. Mutum a mafi yawan lokuta ratse ne kawai, ya faɗo cikin cinikin da ba nasa ba.

Shekara 30 a kan cikin kaska

Willy Burgdorfer ɗan ƙasar Suwizalan ne, an haife shi a birnin Basel a 1925. Abin da zai ba mai karatu na wannan nahiya sha'awa shi ne da kaskar Afirka ya fara. Karatunsa na digirin dakta, a ƙarƙashin Rudolf Geigy, a kan wata kaska marar garkuwa ya yi shi, Ornithodoros moubata, wadda ke zama a bukkokin gabashi da tsakiyar Afirka tana yaɗa masassara mai tafiya ta dawo. Ƙwayar wannan masassara, Borrelia duttoni, ta ci sunan Joseph Dutton, likitan Ingila da ya yi bincikenta a Kwango ya kuma rasu a can a 1905. Siririya ce, murɗaɗɗiya, kamar waya da aka naɗa a jikin kara aka zare karan. Burgdorfer ya tsaga kaska ba iyaka yana bin sawun wannan ƙwaya daga hanji zuwa jakar yawu, har siffarta ta zauna masa a ido.

A 1952 ya kama aiki a ɗakin binciken gwamnatin Amurka da ke Hamilton, jihar Montana. Ba a banza aka kafa wurin a can ba. A kwarin da garin yake ne wata masassara mai fesa ɗigo-ɗigo a fata ta riƙa kashe manoma, har Howard Ricketts ya nuna a 1906 cewa kaska ce ke kai ta, aka kuma sa wa dangin ƙwayar sunansa, Rickettsia. A nan Burgdorfer ya zauna. A 1970 ya fito da wata dabara mai sauƙi: a yanke ƙarshen ƙafar kaska ɗaya, ɗigon ruwan jikinta ya fito, a shafa a gilashi, a rina, a duba a madubin likita mai ƙara girman abu. Cikin ɗan lokaci a san ko tana ɗauke da ƙwaya, ita kuma tana nan da ranta don wani gwajin.

Can gabashin ƙasar kuwa, a 1975, wasu iyaye mata a yankin garin Lyme na jihar Connecticut suka kai kuka ga hukumomin lafiya cewa ƴaƴansu na fama da kumburin gaɓoɓi. Likita Allen Steere na Jami'ar Yale ya bi gida-gida ya samu mutum 51, yara 39 da manya 12. An zargi kaska, amma ƙwayar ta gagara, da yawa ma suna tsammanin bairos ne. Sai a 1981 wani mai bincike a jihar New York, Jorge Benach, ya aika wa Burgdorfer kaskoki don a nemi Rickettsia. Yana tsaga hanjinsu sai ya ga murɗaɗɗun ƙwayoyi irin waɗanda ya sani tun yana ɗalibi. Abokin aikinsa Alan Barbour ya raine su a kwalba, aka gwada da jinin marasa lafiya, ya dace. Aka buga sakamakon a mujallar Science a 1982, a 1984 kuma aka raɗa wa ƙwayar suna Borrelia burgdorferi. Ya yi ritaya a 1986, ya rasu a Hamilton a 2014.

Ana yawan ba da labarin kamar sa'a ce ta faɗo masa. Mai neman wani abu ya ga wani, gaskiya ne, amma idon da ya gane abin ya yi shekara 30 yana kallon cikin kaska. Wanda bai taɓa ganin Borrelia ba yana iya ɗaukar ta datti ne a kan gilashi.

Laifin barewa ne ko na ɓera?

Gano ƙwayar ya buɗe wata tambaya: ina take kwana? Mutanen yankin suna kiran wannan kaska kaskar barewa, don a jikin barewar dajinsu ake ganin manyanta. Bincike ya nuna barewa mai masauki ce kawai. Tana ciyar da manyan kaskoki su yi ƙwai, amma ƴaƴan suna ƙyanƙyashewa da tsabtarsu. Shan jinin farko ne ke gurɓata su, galibi a jikin wani ɓeran daji mai fararen ƙafafu, da wasu ƙananan dabbobi da tsuntsaye. Kaskar ta yi saɓa, ta fito ba ta wuce ƙwayar ridi ba, a wannan mataki ne ta fi cizon mutum bai gani ba. Ita ma sai ta daɗe a manne, yawanci fiye da sa'o'i 24, kafin ƙwayar ta ƙetara.

A jihar Kalifoniya kuma an tarar ƙananan kaskokin sun fi shan jinin wani ƙadangare, jininsa kuwa yana kashe Borrelia. Wannan na cikin dalilan da ake bayarwa na ƙarancin cutar a yammacin Amurka. Ƙasa ɗaya, ƙwaya ɗaya, amma canjin dabba ya canza lissafi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ƙiyasin mutum wajen 476,000 ake yi wa maganin Lyme a shekara, mafi yawansu a arewa maso gabas da yankin manyan tafkuna.

Irin wannan kaska tana bukatar daji mai inuwa da laima da ruɓaɓɓen ganye a ƙasa. Rairayin Damagaram, inda ruwan shekara yake wajen milimita 400 kuma rani ya fi wata bakwai, ba mazauninta ba ne. Ɗan Damagaram da bai je Turai ko Amurka ya shiga daji ba, Lyme ba ita ce abin da ya kamata ya fara tunani ba.

Ramukan Dielmo

Labarin da ya fi kusa da mu yana Senegal. Tun 1917 wani likitan Faransa a Dakar, André Léger, ya ga murɗaɗɗiyar ƙwaya a jinin jaba, shi ya sa ake kiran ta Borrelia crocidurae, daga sunan jaba a bakin masana. Daga baya aka kusa mantawa da ita. A 1990 Jean-François Trape, mai bincike a cibiyar Faransa da yanzu ake kira IRD, tare da Cibiyar Pasteur ta Dakar, suka kafa sansani a wani ƙaramin ƙauye, Dielmo, kusa da iyakar Gambiya. Masassarar sauro suka je nazari. Kullum ana zaga gidaje, duk wanda jikinsa ya yi zafi a ɗebi jininsa a duba a madubi. A cikin wannan dubawa ne Borrelia ta riƙa fitowa.

Sakamakon da suka buga a mujallar Lancet a 2006 ya nuna cewa daga 1990 zuwa 2003, cikin kowane mutum 100 na ƙauyen, wajen 11 ne ke kamuwa a shekara. Dillaliyar ita ce kaska marar garkuwa, Ornithodoros sonrai, rumbun kuma ɓeraye da jaba masu haƙa rami har cikin ɗakin kwana. Yadda ake kamo ta ya isa a tsaya a kalla: a zura doguwar tiyo cikin rami, a tada ɗan injin zuƙa mai aiki da fetur, ya tsotso ƙasa da tarkace, a baje a faranti cikin rana, a jira abin da zai motsa. Cikin ƙauyuka 30 da suka duba a Senegal da Mali da Muritaniya, sun same ta a 26. Tun 1996 ma Trape ya nuna cewa farin da ya fara a wajejen 1970 ya ba wannan kaska damar gangarawa kudu da kimanin kilomita 350, domin ita busasshiyar ƙasa take so.

Halin ciwon shi ke ruɗa mutane. Masassara mai zafi ta yi kamar kwana 3, ta sauka, mutum ya koma gona, bayan kamar mako ta dawo. Dalili shi ne ƙwayar tana canza rigarta: da garkuwar jiki ta gane ta, ragowar sai su sauya fatar waje su sake yaɗuwa. Wanda ya sha maganin masassarar sauro a zagayen farko zai ɗauka shi ya yi masa aiki, in ta dawo ya ce maganin jabu ne. Ga mai juna biyu abin ya fi muni, don yana jawo ɓari. Robar gwajin gaggawa ba ta ganin wannan ƙwaya. Mai duba jini a madubi yana iya ganin ta, in an ɗebi jinin lokacin da jiki yake da zafi kuma an koya masa siffarta.

Maganin da aka gwada a Dielmo ma na gida ne: aka toshe ramuka aka dafe daɓen ɗakuna da siminti, masu kamuwa suka sauko daga wajen 10 cikin 100 zuwa ƙasa da 3.

To ko wannan lissafi ya hau kan Damagaram? A nan ne ya kamata a yi hattara. Daga 2002 zuwa 2012 Trape da abokan aikinsa suka zaga ƙasashen Afirka 17, suka duba ramuka 9,870, suka sami kaskar gidan Ornithodoros a 1,196. A Afirka ta Yamma iyakarta ta gabas ta tsaya a wajen digiri 1 na layukan taswira, wato yamma da Yamai. Damagaram tana wajen digiri 9, kusan kilomita 900 gabas da Yamai ta hanyar mota. Muna da jaba, muna da ɓera a rumbu da ɗakin kwana, muna da fari, amma binciken ya ajiye dillaliyar nesa da mu. Alƙaluman Dielmo na Dielmo ne. Abin da za a ɗauka daga can shi ne hanyar aikin: a daɗe a wuri ɗaya, a duba jini da ido, a leƙa rami.

Kaskar da ke cikin garkenmu

Wadda ta shafe mu kai tsaye tana kasuwar bisashe. Duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe inda makiyayi ya kayar da maraƙi ya san aikin: gwiwa a wuya, hannu a hantsa da hammata, ana cizge kaska ɗaya-ɗaya ana jefawa a wuta. A arewa, wajen Tanut, an fi ganin masu dogayen ƙafafu da saurin gudu na gidan Hyalomma, a jikin raƙuma da shanu. A kudu inda ruwa ya fi, da jikin garkunan da ke gangarawa Najeriya su dawo, akwai mai ado, Amblyomma variegatum, wadda namijinta ke da zane ruwan tagulla a baya. Bakinta dogo ne, tana lalata kan nono har saniya ta kasa shayarwa, manyanta kuma da farkon damina suke fitowa. Sau uku take shan jini a rayuwarta, kowane a jikin dabba daban, tun daga zabo da bushiya har sa.

Mai adon nan ce ke kai ƙwayar Ehrlichia ruminantium, wadda Edmund Cowdry ya bayyana a Afirka ta Kudu a 1925. Akuya ko tunkiya ta yi zafi, ta riƙa ɗaga ƙafa tana zagaye, ta faɗi tana shure-shure, in an feɗe a tarar da ruwa ya taru a jakar zuciya da ƙirji. Tana da hannu a kirci ma, ko da yake ba ita ke ɗauko ƙwayarsa ba: yawunta ne ke raunana garkuwar saniya har kircin ya mamaye fata. Akwai kuma Anaplasma marginale, da Arnold Theiler ya bayyana a 1910, mai cinye jinin saniya ta rame idonta ya yi rawaya.

Ga mutum, wannan kaska mai ado tana kai Rickettsia africae. Wani bincike da aka buga a 2001 ya same ta a jikin kaskokin da aka tsinto daga dabbobin Nijar da Mali. Alamarta: kamar mako bayan cizo sai masassara, ciwon kai da na jiki, kaluluwa, da ɗan baƙin ɓawo kamar ƙunar taba a inda ta ciza, wani lokaci fiye da ɗaya. A baƙar fata jan ƙurji ba ya fitowa sosai, saboda haka ɓawon nan da kaluluwa su ne abin nema, musamman a matsematsi da hammata da bayan gwiwa. Yawanci ba ta kisa, amma tana kwantar da manomi a tsakiyar noma.

Sai wadda ake kira masassarar Q. Ana samun ƙwayarta a kaska, amma mutum ya fi shaƙar ta a ƙurar turke, daga mabiyiya da ruwan haihuwar awaki da tumaki, ko ya sha ta a ɗanyar madara. A Holan, daga 2007 zuwa 2010, gonakin awaki sun sa wa mutum fiye da 4,000 wannan cuta. A garin da kusan kowane gida ke da akuya ɗaure a tsakar gida, wannan ta cancanci a san da ita.

Inda ra'ayi ya rabu

Saɓani na farko na likitocin mutane ne. Wani ɓangare yana cewa in gwajin sauro ya ce babu, mutum kuma makiyayi ne ko mahauci, ko an ga baƙin ɓawo, a ba shi antibiyotik ɗin da ake kira doksisiklin ba tare da jiran gwajin da sai babban ɗakin bincike ke yi ba. Maganin yana da araha, yana kashe Rickettsia da Borrelia da ƙwayar Q. Suna kafa hujja da irin binciken da aka yi a Moshi ta Tanzaniya, wanda aka buga a 2013: cikin mutum 870 da aka kwantar da masassara, an ce wa kashi 60 cikin 100 ta sauro ce, alhali gwaji ya tabbatar da ita a ƙasa da kashi 2, bakteriyar da ke fitowa daga dabbobi kuma ta kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu.

Ɗaya ɓangaren yana tunatarwa cewa Moshi wuri ne mai ƙarancin masassarar sauro, ba kamar Magarya ko Matamai a watan Satumba ba, inda sauro ne kan gaba nesa ba kusa ba. Suna kuma tsoron a mai da antibiyotik abin sha ga kowane zafin jiki, ƙwayoyi su saba da shi, ya daina aiki ranar da ake bukatarsa. Ga haɗari na kusa: mai Borrelia a jini yana iya shiga kyarma mai tsanani, hawan jininsa ya faɗi, ƴan sa'o'i bayan ƙwayar farko, saboda mutuwar ƙwayoyin a lokaci ɗaya. Wannan abu ne da ya kamata ya faru a gaban likita. Mai ciki da ƙaramin yaro kuma suna da nasu lissafin. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: tambayar sana'a da dabbobin gida da duba fata ba sa cin ko dala, kuma su ne ke raba wanda ya dace da maganin da wanda bai dace ba. A nan nauyin hujja ya fi karkata ga ba da magani bisa alama a hannun likita, ba bisa zato a tiren mai talla ba.

Saɓani na biyu na likitocin dabbobi ne: a kashe kaska kaf, ko a rage ta? Mai shanun madara na waje ko ruwa-biyu ba shi da zaɓi, domin irin waɗannan shanu ba su da juriya, cizo kaɗan na iya kashe su. Shanun gida kuwa, in ƙwayar ta same su suna ƴan makonni da haihuwa, sukan tsallake da sauƙi su sami garkuwa. Garken da aka wanke shi tas shekara da shekaru yana rasa wannan garkuwa, ranar da kuɗin magani ya yanke sai mutuwa ta shigo. Yawan feshi kuma yana haifar da kaskar da ba ta jin magani. Misalin yana kusa: wata kaskar shanu, Rhipicephalus microplus, wadda aka fara gani a Kodebuwa a 2007, aka kuma danganta shigowarta da shanun da aka sayo daga Birazil, ta bazu a ƙasashen yankin, kuma ta shahara da taurin kai ga magunguna.

Wata hanya ta tsakiya ta fito daga cibiyar binciken kiwo ta CIRDES da ke Bobo-Dioulasso a Burkina Faso. Frédéric Stachurski ya lura cewa kaska mai ado, in ta hau saniya a wurin kiwo, tsakanin kofato take fara maƙalewa, sai dare ya yi saniyar ta kwanta sannan ta hau zuwa hantsa da ƙirji. Sai aka gina ɗan kwalbati mai ruwan magani a bakin garke, shanu su taka su wuce da yamma, duk bayan kwana 2 ko 3 a farkon damina. Magani kaɗan, aiki kaɗan. Iyakarsa shi ne sai garken da ke kwana wuri ɗaya. Mai tafiya mashekari ba zai ɗauki kwalbati a ka ba.

A tsakar gida da bakin garke

Ga mai gida, abin ya fi shafar aljihu da lokaci. Wanda aka sallama da zane ɗaya yakan bi ta kasuwa ya sayi maganin masassarar sauro duk da haka, ya ƙara da na taifot, kuɗi su tafi, ciwon yana nan. Ya fi sauƙi tun a gaban likita ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba: yana kiwo, ya cire kaska a jikinsa makon jiya, akuyarsa ta yi ɓari, masassarar ta tafi ta dawo. In jiki bai yi sanyi ba cikin kwana 2 ko 3, a koma, kada a jira.

Kaskar da ta kama mutum ana cire ta da hantsaki, a kama ta daf da fata, a ja a hankali ba murɗawa, a wanke wurin da sabulu. Ƙona ta da ashana ko zuba mata kananzir tana manne ba shi da amfani. Murtsuke ƙosasshiyar kaska da yatsa ya fi haɗari, domin baya ga bakteriya, gidan Hyalomma yana ɗaukar bairos mai sa zubar jini. Mabiyiyar akuya a binne ta da zurfi, mai ciki kada ta taɓa, madara kuma a tafasa.

A garke, allurar antibiyotik ta oksitetrasiklin tana ceton dabbar da ciwon ruwan zuciya ya kama in an yi ta da wuri, kafin ta fara zagaye. Kowane magani yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba waɗanda ba a shan nono ko yanka dabbar a cikinsu. Maganin feshin gona ba na jikin dabba ba ne. Amitraz, da ake wanke shanu da shi, guba ne ga doki, abin da ya kamata masu dawakin hawan salla su riƙe.

Ga ɗalibai da malaman Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da cibiyoyi irin CERMES mai binciken lafiyar mutane da LABOCEL mai na dabbobi a Yamai, matakin farko na wannan aiki bai fi ƙarfin kowa ba. Kwalba ce ƙarama da alkol a ciki, kaskar dabba ɗaya a kwalba ɗaya, da takarda da aka rubuta da fensir: sunan kasuwa ko ƙauye, kwanan wata, irin dabbar, da gaɓar da aka ciro ta. Wanda zai riƙa yin haka kowace Alhamis, rani da damina, cikin shekara 2 zai iya faɗin wace kaska ce ke hawa shanun Mirya a watan Yuni, da wadda raƙuman Tanut ke saukowa da ita.